Ƙusoshin Tsohon Bajamushe

Sana'ata sayen kayan da masu su suka gama da su: firji, kabad, kujeru, duk abin da baƙon da kwangilarsa ta ƙare ba zai iya sawa a jirgi ba. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, amma har gobe da iƙama, takardar zaman baƙo, nake zaune. Da dabbab guda na fara, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ina bin gidaje ina kaiwa haraj, kasuwar gwanjon garin nan. Ko cokali ban gada ba. Daga baya na buɗe shago a Sharafiyya mai sito a bayansa. Gumina ne ya cika shi, amma sunan kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, shi ne a jikin takardar, kamar yadda yake ga mafi yawanmu.

Ƙa'idar sana'ar guda ce. Kaya in ya shigo, a wanke shi, a goge, a cire duk abin da mai shi na farko ya bari a jiki. Mai saye ba ya son ganin sawun wani.

Wata safiya a lokacin sanyi wani tsohon Bature ya shigo shagon, dogo, siriri, rigarsa ta yi masa yawa. Bai tambayi farashin komai ba. Cokalin shayi ya zaro daga aljihu yana ƙwanƙwasa kaya ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunne. Ya buga ƙafar gado, ya girgiza kai. Ya buga murfin tukunya, ya yi murmushi. Maƙwabcina mai sayar da katifu, Bahaushen Sudan ne, bakinsa ba ya shiru, ya leƙo ya ce mini da Hausa, "Maigida, ka samu likitan tukwane. Tambaye shi ko tana da ciki."

Can ƙuryar sito tsohon ya hango fiyanon da na kwaso daga gidan wani baƙo da ya tashi. Iskar teku ta ci wayoyinsa, tsatsa ta kama, ya daɗe babu mai tayawa. Ya buɗe shi ya danna haƙoransa biyu ko uku, sauti ya fito a gurguje, shi kuwa fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci ɗan'uwa a tasha.

Washegari ya dawo da 'yarsa. Injiniya ce a wani kamfanin tace ruwan teku, Larabcinta kuma ya zauna. Ta ce mahaifinta Bajamushe ne, aikinsa tsara kiɗa, yana zuwa wurinta ne duk lokacin sanyi saboda ƙirjinsa ba ya jure sanyin ƙasarsu. Yana son fiyanon. Amma gidanta can sama yake, matakalar kuma matsattsiya ce. Ko zan yarda a bar shi a sitona, ya riƙa zuwa yana aiki da safe? Muka daidaita, ta biya, fiyano ya zama nasa, wuri ya zama nawa.

Na zaci gyara shi zai yi. Sai na ga yana bin kwalayen tarkacena yana tsince ƙusoshi masu zare, da noti, da guntun robar ƙofar firji. Ya ɗauki ƙusa ya cusa tsakanin wayoyi biyu, ya danna haƙori, ya saurara, ya matsar da ita kamar faɗin gashi, ya sake dannawa. Ƙusa ɗaya takan cinye masa safiya guda. In ya dace da abin da yake nema sai ya ɗaga kai ya ce, "Tamam." Kusan iyakar Larabcinsa ke nan, sai "la" da "shwayya", wato a'a da kaɗan.

Gaskiya ita ce kiɗan bai taɓa yi mini daɗi ba. Wani haƙorin ya yi ƙara kamar an yar da sarƙa, wani kamar an rufe ƙofar kwantena, sai shiru mai tsawo har ka ɗauka ya tafi, sai kuma wani abu ya faɗo. Maƙwabcina ya ce tunda aka fara wannan kiɗa ɓerayen layinmu suka yi hijira, don haka a ba tsohon lada.

Ranar da 'yar ta zo ɗaukarsa da wuri muka zauna shan shayi, ta ba ni labarinsa yana zaune yana kallon bakinmu. A ƙarshen babban yaƙin duniyar nan aka haife shi, a garin da bama-bamai suka mayar kufai. Mahaifinsa bai dawo daga yaƙin ba. Ya tashi yana bin uwarsa tsintar ƙarfe a cikin ɓaraguzai, kuma abin kiɗansa na farko bututun ruwa ne da ke leƙowa daga rusassun gidaje, yana bugunsu da sanda. Ya yi karatun kiɗa har ƙarshensa. Irin mai daɗin nan da ake rawa da shi ya iya shi sarai, ƙi ya yi. Ta ce akwai lokacin da ake kaɗa abin da ya tsara, mutane suka riƙa tashi suna fita har zauren ya kusa zama fanko, shi kuwa yana zaune a gaba bai ko waiwaya ba. Masu rubutu a jarida suka ce gareji ya buɗe. Da koyarwa ya ciyar da gida. Sai da gashinsa ya yi fari matasa suka fara nemansa.

Na ce ta tambaye shi, tunda ya iya mai fita a kasuwa, me ya hana shi yin sa ya huta? Ta fassara. Ya dube ni, ya dubi tarin firjin da ke bayana, ya yi magana.

"Ya ce kai me ya hana ka sayar da sabon kaya?"

Na ce, "Sabon kaya ai ko makaho ya sayar."

Ta gaya masa. Ya buga cinya ya ce, "Tamam."

Tun daga ranar na daina ganinsa a matsayin mahaukaci. Sau ɗaya na ɗauke shi a dabbab zuwa wajen tashar jiragen ruwa, don ta ce sautin wurin yake son kamawa. Ba a barin mu shiga, sai muka tsaya a bakin titi inda manyan motoci ke layi. Ya rufe ido ya daɗe a tsaye cikin hayaƙi. Ni kuwa ina kallon wurin da kakana ya sauka daga jirgin ruwa bayan ya ratso Sudan da ƙafa.

Kafin sanyin ya fita tarinsa ya tsananta. Wata safiya 'yar ta kawo shi riƙe da hannunsa, ta ce za ta mayar da shi gida asibiti. Ya shiga sito ya rufe murfin fiyanon, ya ɗora tafinsa a kai. Ta ce, "Yana roƙonka kada kowa ya taɓa cikinsa. Bai gama ba, kuma bai rubuta inda kowace ƙusa take ba. A kunnensa abin yake."

Na ce, "Gaya masa amana ce."

Ita ba ta san nauyin abin da na faɗa ba, amma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya sani. Gidan kakana kusa da tasha yake, kuma alhazan ƙasarmu in sun sauka a nan suke barin ƙunshin da ba za su iya hawa Makka da shi ba. Dokar gidan ita ce ƙullin da mai kaya ya yi shi zai kwance. Ko ka ga igiya ta saki ba ka ƙara ɗaurewa, sai dai ka tura ƙunshin jikin bango. Na tashi na tarar da wani ƙunshi a ƙarƙashin gadon kakata yana warin daddawar da ta lalace. Duk ɗakin ya ɗauka. Muka yi ta roƙonta a buɗe a zubar da abin da ya ruɓe, ta ce hancinmu ne ya yi tsawo. Mai shi ya rasu a hanyar Madina. Sai da na fara tsiro gemu ɗansa ya zo aikin hajji ya karɓa, da ƙullin ubansa a jiki.

Tsohon ya tafi, na lulluɓe fiyanon da bargo. Zafi ya shigo ya fita, wani sanyin ya zo, bai dawo ba. 'Yar ta bar aikinta ta zauna jinya. Takan bugo waya jifa-jifa ta ce yana tambayar kayansa, in ce suna nan.

A lokacin garin ya riga ya canza. Kiɗan da a da sai a ɓoye yanzu a fili ake yi, kowane sabon gidan shan gahawa yana son fiyano a kusurwa. Ɗan kafilina ya buɗe irin wannan wuri a arewacin gari. Kafilin nawa dattijo ne, mun daɗe tare, ya halarci ɗaurin auren 'yata, bai taɓa tsaya mini a wuya ba. Wata rana bayan azahar ya shigo da wani Bafilifine mai gyaran fiyano riƙe da jakar kayan aiki. Ya wuce sito kai tsaye ya yaye bargon.

"Ya Hajji, wannan akwatin yana cin wuri a banza. Yaron nan zai cire dattin da ke ciki, ya gyara, a kai wa ɗana."

Na ce, "Ya ammi, baffana, ba nawa ba ne."

"Shagon na wa?"

"A takarda naka."

"To halas, magana ta ƙare."

Mai gyaran ya riga ya buɗe murfin yana tsaki, ya miƙa hannu zai zare wata ƙusa. Na riƙe wuyan hannunsa, na mayar da murfin a hankali. Ya dubi dattijon, dattijon ya dube ni.

Bai yi fushi nan take ba, lallashi ya fara, kuma maganarsa akwai hankali a ciki. Ya ce a zare ƙusoshin a zuba a leda, in mai su ya dawo a ba shi ya mayar. Ya ce in kuma hakan bai yi ba zai saya masa wani fiyanon wanda ya fi wannan. Na ce ƙusoshin ba su ne kayan ba, inda suke zaune ne kayan.

"In ya dawo ke nan," in ji shi. "Kai da bakinka ka ce tarinsa kamar ana yaga buhu."

"In bai dawo ba yana da magada."

"A kan tarkacen kawaja, Bature, za ka kunyata ni gaban ɗana? Ko salla ba ya yi."

"Ya ammi, ni nake yi."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Iƙamarka ta kusa ƙarewa, ko ka manta? Ka yi tunani zuwa bayan Juma'a."

Ban manta ba. Wanda aka haifa a ƙasar da takardarsa take a hannun wani ba ya manta irin wannan. In bai sabunta mini ba, kuma ya ƙi saki na in koma hannun wani, ƙasar da za a tura ni ko hanyar kasuwarta ban sani ba.

A gida, a unguwar Sa'alaba, na gaya wa matata komai tana tsinkar mulukiyya, wato lalo. Ita ma jikar masu saukar alhazai ce.

"Kai da ko rediyo ba ka kunnawa," ta ce, "a kan garayar Nasara za ka zubar da shago?"

"Ya bar shi a hannuna."

"Ka ce masa amana?"

"Na ce."

Ta ci gaba da tsinka. "Bakinka ya ja mana. Ina za ka ajiye shi?"

"A falonki."

"To a cire ƙofa tukuna. In aka goge mini fentin bango, kai da Bajamushen ku nemi inda za ku kwana."

Ban jira Juma'a ba. Na bugo wa kafilina da safe na ce zan fitar da kayan mutum daga shagonsa yau, da rana tsaka, in yana so ya zo ya gani don kada a ce na sace. Ya kashe wayar bai amsa ba. Na nemo 'yan dako, maƙwabcina ya ba da tsofaffin katifu muka shimfiɗa a bayan mota. Na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai, motoci na bina da oda, maƙwabcin kuma yana gefena yana ɗaga musu hannu yana cewa, "Yalla, ku wuce, amarya muke kaiwa."

Duk da haka a bakin layinmu taya ta faɗa rami. Muka ji wani abu ya yi ƙara a ciki ya gangara. Da muka shigar da fiyanon falo na buɗe ƙasansa, sai ga ƙusa guda kwance. Maƙwabcina ya ɗauka yana juya ta.

"Cusa ta ko'ina mana. Wa zai sani? Kiɗan nan ko a hanci ka sa ta duk ɗaya ne."

Na karɓe ta na jefa a finjalin gahawa, na ɗora a saman kabad. Ban san inda ta fito ba, don haka ba ni da hurumin mayar da ita.

Bayan Juma'a dattijon ya aiko a gaya mini in nemi wani kafilin. Zan faɗi gaskiyarsa: bai ja mini rai ba, ya sa hannu aka mayar da ni hannun wani. Amma shagon ya bi takardarsa, da kantocin da na kafa da hannuna, da masu sayen da suka san ƙofar. Na koma dabbab da haraj, gashina da furfura, ina jayayya da yaran da na koya wa sana'a. Ya yi mini ciwo, kuma ba sau ɗaya ba na shigo gida na dubi akwatin nan da ya cinye rabin falo na ja masa tsaki. Matata ta shimfiɗa masa kyalle tana ajiye faranti a kai. Baƙi in sun zo a tsakar gida muke zama. In 'yar tsohon ta bugo, amsata ba ta canza ba, kaya suna nan. Tana jinyar uba, ban ga abin da labarin shagona zai ƙara mata ba.

Bajamushen ya rasu kafin wani sanyin. Bayan wasu 'yan watanni 'yar ta zo Jidda tare da wata mata mai gajeren gashi, ɗalibarsa ce tun da daɗewa. Na kwatanta musu gida. Ɗalibar ta buɗe fiyanon ta tsaya tana kallo, hannayenta a baya kamar mai tsoron taɓa jariri. Ta yini tana ɗaukar hoto tana awo. Da na miƙa mata finjalin na faɗi yadda aka yi, ta haska fitila ta bi wayoyin, ta sami wurare biyu da tsatsa ta goge. Ta ce ba ta da tabbacin wanne ne. Ta naɗe ƙusar a hankici ta sa a jaka.

Bayan la'asar ta ce za ta kaɗa abin da ya kai kafin ya kwanta. Matata ta riga ta baza labari, matan layi suka cika falon da tsakar gida. Aka fara. Sarƙa ta faɗi, ƙofar ƙarfe ta rufu, shiru ya biyo. Wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi ko an gama gwaji ne. Sai suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mayafi a baki. 'Yar tsohon tana kallonsu, hawaye na zuba, tana dariya. Ta ce mini, "Haka ake yi masa a gida." Maƙwabcina ya zauna har ƙarshe, amma ya rantse don fiyanon ya tare masa hanya ne.

Ni ma na zauna. Daɗi dai bai yi mini ba har ranar. Sai dai na gane wurin. Bakin titin nan ne na tasha, da layin motoci, da kukan jirgi can nesa. A tsakiya akwai haƙori ɗaya da yake fitowa garau kamar na kowane fiyano, duk lokacin da aka zo kansa ɗalibar takan ɗan yamutsa fuska. Na san na ramin bakin layinmu ne.

Suna shirin tafiya 'yar ta tambayi me ya sa kayan suke gida ba a shago ba. Kafin in buɗe baki maƙwabcina ya zazzage mata komai, har da ƙari. Ta ce a kai ta wurin dattijon ta yi masa magana. Na ce a'a, tsakanina da shi ne, kuma an gama. Ta ce to me za ta yi mini? Na ce ta kwashe kayan ubanta matata ta samu falonta.

Ni na haɗa akwatin katakon da aka sa shi, na cika gefensa da soson katifa, na raka shi har ƙofar tasha. Ƙofar falonmu da aka mayar har yau ba ta rufuwa daidai, kuma an goge fentin, ana tuna mini duk sati.

Kwanakin baya na haɗu da tsohon kafilina a wata jana'iza. Ya tsufa, yana dogara sanda. Na je na gaishe shi kamar yadda na saba, ya riƙe hannuna bai saki da wuri ba. Ya ce fiyanon lantarki ɗansa ya saya a ƙarshe, mai kaɗa kansa in an danna.

"Akwatin naka fa, ya Hajji?"

Na ce, "Ya tafi, ya ammi. Da ƙusoshinsa."